Bayani A Kan Gauɗe Da Ɗan'uwansa Na Ƙasashen Sanyi

  

A 'yan shekarun nan attajiranmu da Allah ya buɗa wa, in sun gina gida, su kan so su ƙawata tsakar gidan da furanni. Cikin abin da masu lambu na bakin titi ke sayar musu a birane akwai wani ɗan itace mai ganye kore shar, yana sheƙi kamar an shafa masa mai, furensa fari fat, ƙamshinsa kuwa ya kan cika gida da dare. Turawa na ce masa gardeniya. Mutum ya saya da tsada, ya dasa, ya yi ta murna. Da hunturu ya kama sai ganye ya yi rawaya, hudar da ta ƙulla ta zube tun ba ta buɗe ba, kafin bazara ta ƙare itace ya bushe ƙayau. Sai maigida ya ce sanyi ya kashe shi, ya haƙura.

To, wannan magana akwai gyara a cikinta. Itacen nan ana shuka shi a fili a ƙasashen da ruwa ke daskarewa cikin randa, yana kuwa rayuwa shekara da shekaru. Cikin abin da ke kashe shi, can da nan duka, akwai ƙishirwa wadda busasshiyar iska ke jawo masa. Wanda ya gane haka ya tsare kuɗinsa. Har wa yau, baƙon nan yana da 'yan'uwa a dajinmu, watau gauɗe, wanda mu ke sarewa muna hura wuta da shi, alhali mutanen wata nahiya suna ta wahala su raya ɗan'uwansa. Zan kasa bayanin fasali fasali, don ya yi sauƙin riƙewa.

Fasali Na Farko: Nasabar Gauɗe

Masana tsirrai sun kasa itatuwa dangi dangi, kamar yadda masu ilmin nasaba ke kasa ƙabilu. Su kan duba ƙirar fure da ta 'ya'ya, da yadda ganye ke jeruwa a jikin reshe. Bisa ga wannan hanya gauɗe da gardeniya gida ɗaya su ke, sunan gidansu ma ɗaya ne cikin littattafan masana. Babban dangin da suka fito ya haɗa har da itacen gahawa, da itacen da aka fara samun kwinin, maganin zazzaɓi, daga ɓawonsa, da tafashiya da giyayya na bakin rafukanmu.

Wani likita mutumin Sikotilan, J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa, ya bi Hausawa yana tambayarsu sunayen itatuwa da amfaninsu, ya buga abin da ya tara a shekarar 1916. Gauɗe iri uku ne a bakin Hausawa. Na farko shi ne gama-gari, wanda 'ya'yansa ke yin rawaya in sun nuna, yara da makiyaya su kan ci, matan da kuma su kan haɗa baƙin kwalliya da su, su zana a fuska. Na biyu gauɗen kura, 'ya'yansa tauri gare su, ba su ciwuwa. Na uku gauɗen dutse, gajere ne, a jikin duwatsu ya ke fita, shi ne masana suka sa wa suna Gardenia sokotensis, watau na Sakkwato. Ku duba fa, sunan birnin Shehu yana cikin littattafan masana na duniya ta dalilin ɗan itacen da mu ke rainawa.

Ɗabi'ar gauɗe ita ce abin lura. Gajere ne, murɗaɗɗe, rassansa ƙarfi gare su, ganyensa galibi uku uku ya ke fita a ƙarshen reshe. In rani ya tsananta sai ya zubar da ganye, ya tsaya kamar matacce, ko gobarar daji ta bi ta kansa ya kan toho daga baya. Can wajen ƙarshen rani zuwa farkon damina sai ya yi fure fari mai dogon wuya, wanda ke juyewa rawaya in ya kwana biyu. Ƙamshinsa ya fi tashi da magariba, domin mai ɗaukar masa garin fure daga wannan zuwa wancan wani babban malam-buɗe-littafi ne mai yawon dare, mai dogon baki, da ƙamshi da farin launi ya ke gane wurin cikin duhu.

Fasali Na Biyu: Asalin Baƙon Da Tafiyarsa

Shi gardeniya asalinsa kudancin ƙasar Sin ne, da Biyetnam da Taiwan da kudancin Japan, wuraren da ruwan sama ke da yawa, iska kuma na da laima. Sinawa sun fi shekara 1000 suna shuka shi. Su kan yi rini mai launin rawaya da 'ya'yansa, su kuma sa shi cikin magungunansu. Da ya ke ƙasarsa ba ta san rani irin namu ba, ba ya zubar da ganye ko kaɗan. Wannan shi ne kyansa, shi ne kuma rauninsa, kamar yadda bayani zai zo.

A tsakiyar ƙarni na 18 wani jirgin ruwa ya ɗauko shi daga Kef, can tsinin Afirka ta Kudu, inda aka riga aka kai shi daga gabas, ya kai Ingila. Saboda haka Turawa suka daɗe suna zato ɗan Afirka ne. Aka ba wani mai son tsirrai, Richard Warner, ya yi ta ƙoƙari ya yawaita shi, abu ya faskara. Sai a 1757 wani mai lambu a Landan, James Gordon, ya gane yadda za a yanki reshe a kafa shi ya yi saiwa. An rubuta cewa daga 'yan rassa huɗu ya ci fam 500 cikin 'yan shekaru kaɗan, kuɗi mai yawa ƙwarai a wancan zamani. 'Yan kasuwa su lura, wanda ya mallaki itacen bai ci ribar ba, wanda ya san ɗabi'arsa shi ya ci.

A 1761 wani masani, John Ellis, ya raɗa wa wannan gida na itatuwa suna gardeniya, don girmama abokinsa Alexander Garden, likita mutumin Sikotilan mai zaune a birnin Calston na Amurka. A 1762 aka fara dasa shi a can Calston, daga nan ya bazu cikin kudancin Amurka, inda sanyi ke da sauƙi. A Ingila da sauran ƙasashen arewa kuwa, shekaru masu yawa ba a iya ajiye shi sai cikin ɗakin gilashi da a ke ɗumamawa da wuta, saboda haka ya zama furen masu hali, su kan maƙala shi a ƙirjin riga ranar biki.

Fasali Na Uku: Yadda Sanyi Ke Kashe Shi, Da Yadda Su Ke Tsare Shi

Ma'aunin zafi da zan yi lissafi da shi shi ne wanda ruwa ke daskarewa a sifirinsa, ya tafasa a 100. A ƙasashen arewa sanyi ya kan sauka ƙasa da sifiri wata da watanni, har ƙasa ta yi tauri kamar dutse, fartanya ba ta shigarta.

Hanya biyu sanyin nan ke bi ya yi ɓarna. Ta farko, ruwan da ke cikin ganye da ɗanyen reshe ya kan daskare, ƙanƙarar ta farfasa naman ganyen daga ciki, kamar yadda kwalba cike da ruwa ke tsagewa in ta daskare. Gama-garin gardeniya, in sanyi ya kai digiri 9 ko 10 ƙasa da sifiri, ya kan ƙone ƙwarai, wani ma ya mutu har gindi. Ta biyu ita ce ta fi ɓoyuwa. Ganye kullum yana fitar da ruwa ta 'yan ƙofofin da ido ba ya gani, saiwa kuma tana janyo wani daga ƙasa ta mayar masa. In ƙasa ta daskare, saiwa ba ta iya jan kome, iska kuwa tana kaɗawa tana ta kwashe na ganye. Sai itace ya mutu da ƙishirwa yana tsaye cikin dusar ƙanƙara, kamar ɗan kasuwan da a ke ta ɗibar kaya a rumfarsa, ayari kuwa ya yanke. Itatuwan da ke zubar da ganye sun huta da wannan, gama sun rufe ƙofa. Shi da ya riƙe nasa, shi ke shan wuya.

Da masu lambu suka gane wannan sai suka shirya masa. Da fari suka yi ta zaɓen iri, suna ɗebe waɗanda suka tsira bayan shekarar tsananin sanyi, suna yawaita su. Ta haka aka sami irin su Kleim's Hardy mai fure falle ɗaya, da Frostproof, da Chuck Hayes wanda ya fito daga jihar Bajiniya ta Amurka. Masu sayarwa su kan ce waɗannan na jure digiri 10 har zuwa 18 ƙasa da sifiri, amma fa sai an cika musu sharuɗɗa, ga su kuwa.

Sharaɗi na ɗaya, wurin dashe. Su kan nemi gindin bango wanda zai tare iskar arewa da ta gabas, bangon kuma ya sha rana da yini ya riƙa sakin ɗumi da dare. Su kan guji kwari, domin iska mai sanyi nauyi gare ta, gangarawa ta ke yi ta kwanta a kwari kamar ruwa. Wannan manoman rake na Maƙarfi sun sani, gama duk wanda ya yi sammako zuwa fadama cikin Janairu ya ji yadda jaura ta fi cizo a can bisa tudu. Su kan guji kuma wurin da ranar safe za ta bugi ganye yana daskare, don narkewar gaggawa na ƙara masa rauni.

Na biyu, lokacin dashe. Ba su dasawa sai sanyi ya wuce, don saiwa ta sami watannin ɗumi duka ta kafu. Na uku, su kan daina sa taki da yankan reshe tun da sauran wata biyu ko uku kafin sanyi, gama taki da aski toho su ke kawowa, ɗanyen toho kuwa shi ne farkon ƙonewa. Na huɗu, su kan ba shi ruwa ya ƙoshi kafin ƙasa ta daskare, su lulluɓe gindinsa da busasshen ganye ko ɓawon itace mai kauri kamar inci 3, don kada sanyi ya kai ga saiwa. Na biyar, daren da aka san za a yi tsanani su kan rufe shi da tsumma ko buhu har ƙasa, da hantsi su yaye. Ba su yarda leda ta taɓa ganye ba, don ba ta tare sanyi, in rana ta fito kuma dafa shi ta ke yi. Inda sanyi ya wuce haka, sai su sa shi cikin tukunya, su shigar ɗaki har lokaci ya wuce. In kuwa ya ƙone, ba su gaggawar sarewa, sai su jira ɗumi ya dawo, su kankare ɓawo da farce, in suka ga kore a ciki su san da sauran rai.

Ku dubi sharuɗɗan nan da kyau. Galibinsu a kan abu biyu su ke: a tare iska, a tsare ruwan saiwa.

Fasali Na Huɗu: Hunturunmu

Mu a nan arewacin Zazzau, ko da ɗari ya kai matuƙa cikin Disamba da Janairu, galibi ma'auni ba ya sauka ƙasa da digiri 10 bisa sifiri da asuba. Tsakanin wannan da sanyin da ke ƙona gardeniya akwai kusan digiri 20. Saboda haka sanyinmu bai isa ya kashe shi ba. Hasali ma masu shuka shi don sayarwa sun tabbatar yana bukatar dare mai ɗan sanyi, wajen digiri 15 zuwa 17, kafin ya ƙulla huda da yawa.

Amma iskar hunturu daga hamada ta ke fitowa, ta arewa maso gabas, ba laima a cikinta. Ita ce mai tsaga leɓe da dunduniya, mai sa allo ya bushe tun almajiri bai gama wanke shi ba. Abin da ta ke yi wa fatar mutum shi ta ke yi wa ganye. Can ƙanƙara ce ke hana saiwa sha, nan kuwa ƙasa ce ke bushewa, amma ƙarshen abin ɗaya ne: fita ta fi shiga. Alamar farko ita ce zubar huda, sa'an nan bakin ganye ya ƙone, sa'an nan reshe ya bushe daga sama. Ƙura kuma ta kan lulluɓe ganye, ta jawo waɗansu ƙananan ƙwari jajaye masu kama da gizo-gizo, su zauna a bayan ganye suna tsotsa. In itace ya fita hunturu da rauni, sai ya faɗa hannun bazara, sa'ad da zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 35, ta ƙarasa shi.

Maganin abin shi ne mu ɗauki sharuɗɗan mutanen can mu juya su bisa ga ƙasarmu. A dasa shi cikin gida, inda katanga ko zana ko darni zai tare masa arewa da gabas, ɗaki ko wata bishiya kuma ta yi masa inuwa daga yamma. Ya sha ranar hantsi, daga azahar kuwa ya shiga inuwa. Su ranar safe su ke tsoro, mu ta la'asar ce abin tsoronmu. A dasa cikin Yuni, sa'ad da ruwa ya zauna, don ya sami wata huɗu yana kafa saiwa. Wanda ya sayo cikin Oktoba don ya gan shi da fure, ya sayo wa hunturu ne. Da kaka ta yi a daina taki, a lulluɓe gindi da ƙaiƙayi ko buntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa, kauri kamar yatsa huɗu, amma a bar ɗan fili tsakaninsa da jikin itacen saboda gara. A riƙa wanke masa ganye da safe, ciki da baya. Wanda ya ke so ya huta da yawan ban ruwa, ya binne tulu a gefensa har wuya, ya cika da ruwa ya rufe bakin, ruwan zai riƙa tsatsafowa a hankali. Kada a yi masa aski sai bayan ya gama fure.

Kada wani ya ce wannan wahala ta yi yawa. Manoman ƙasar Kudan da Hunƙuyi sun ɗauki inabi, wanda shi ma baƙo ne, suka koyi yi masa rumfa da aski da ban ruwa a kan lokaci, har 'ya'yansa suka shiga kasuwannin birane. Baƙo ya kan zauna in an san abin da ya ke so.

Fasali Na Biyar: Ƙasa Da Ruwa

Akwai wata cuta da a ke ɗora wa sanyi laifinta alhali ba ruwansa, ita ce rawayar ganye. Masana suna da ma'auni na ƙasa daga 0 zuwa 14. Bakwai ne tsakiya, abin da ya gaza haka ya karkata ga tsami, abin da ya wuce ya karkata ga kanwa. Gardeniya tsakanin 5 da 6 da rabi ya ke so. In ƙasa ta yi wajen kanwa, sinadarin ƙarfe da ke cikinta ya kan ɗaure, saiwa ta kasa shansa, sai sabon ganye ya fito rawaya, jijiyoyinsa kaɗai ke kore.

Ƙasar gonakinmu ta tudu galibi tana da ɗan tsami, ta dace da shi. Ta tsakar gida ce abin tsoro, domin shekara da shekaru tana shan toka da ruwan sabulu da ruwan kanwa, ga kuma ɓaraguzan siminti in sabon gini ne, dukansu kuwa kashe tsami su ke yi. Mun saba toka taki ce, haka ne kuwa ga dawa da kuɓewa, amma ga wannan itace illa ce. Sai a haƙa rami mai faɗi, a kwashe ƙasar wurin, a kawo ta gona a gauraya da ruɓaɓɓen ganye da tsohon taki da ya huce. A faɗa wa mutanen gida kada a zuba wanke-wanke a gindinsa. Ruwan sama ya fi masa kowane ruwa. In an sami takin salfa, ɗan kaɗan cikin damina yana taimako, gama yana ƙara wa ƙasa tsami. Yana son laima kullum, amma in ruwa ya kwanta a gindinsa saiwa ruɓewa ta ke yi, saboda haka a ɗaga wurin kaɗan kamar kunya.

Sai faɗakarwa ga mutanen Ikara da sauran masu noman tumatir. Akwai wata tsutsa cikin ƙasa wadda ido ba ya gani, mai sa saiwar tumatir da kuɓewa ta yi ƙulli-ƙulli. Gardeniya ba ya jure ta. Kada a ɗebo masa ƙasa daga inda aka saba yin tumatir, mai saye kuma ya zare leda ya duba saiwa tukuna, ya kuma juya ganye ya ga ko akwai ƙwari. A jihar Fulorida ta Amurka, inda tsutsar nan ta yi yawa, dabarar da suka yi ita ce aure, kamar yadda mu ke yi wa mangwaro. Su kan ɗora reshen gardeniya a kan gindin wani ɗan'uwansa na Afirka ta Kudu, wanda tsutsar ba ta iya masa. Watau fure na Sin, saiwa ta Afirka. Ya kamata masanan cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, wadda aka kafa tun 1922 ta kuma shiga Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, su gwada wannan aure a kan gauɗenmu, a ga abin da zai haifar.

Fasali Na Shida: Haƙƙin Gauɗe A Kanmu

Duk abin da aka lissafa na zana da tulu da lulluɓi, gauɗe ba ya bukatar ko ɗaya. Ya san hunturu, ya san bazara, ya san wuta. Abu ɗaya ne bai iya masa ba, shi ne gatari da a ke maimaita masa kowace shekara. Duk wanda ya kai shekara hamsin a ƙasar nan ya san dajin da ke tsakanin garuruwa ya zama gona. Daga Paki zuwa Saulawa, daga Gimi zuwa Gazara, daga Likoro zuwa Doka, rake ya cika fadama, masara da waken suya da barkono sun cika tudu, ba a barin saura ta huta kamar da. Wannan arziki ne, muna godiya. Amma gauɗe jinkirin girma gare shi, abin da aka sare cikin sa'a ɗaya sai ya shekara da yawa bai mayar ba, in kuma garmar tarakta ta tumɓuke kututture, shi ke nan. Yanzu sai a iyakar gona, ko gefen burtali, ko gindin dutse, ko maƙabarta a ke ganinsa. Yara da yawa sun tashi ba su san ɗanɗanon 'ya'yansa ba, balle ƙamshin furensa.

Akwai abin koyi wajen 'yan'uwanmu na Maraɗi. Bayan farin da ya cinye itatuwansu, tun daga 1983 suka kama wata hanya da su ke kira sassaben zamani. In sun zo sharar gona, ba su sare tohon kututture duka, sai su zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi su bari, su gyara su, su tsare su. Da ya ke tsohuwar saiwa na nan da ranta a ƙasa, girman ya kan yi sauri fiye da na sabon dashe. Masu bincike sun ƙiyasta ƙasar da ta farfaɗo ta wannan hanya a Jamhuriyar Nijar, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram, ta kai hekta miliyan 5. Ba kuɗi aka kashe ba, hannu aka ɗaga.

Saboda haka ga roƙona. Manomi, in ka tarar da kututturen gauɗe a iyakar gonarka, bar masa reshe biyu, ka share ciyawar gindinsa kafin lokacin gobara. Ba shi da inuwar da za ta cuci shuka, rassansa kuwa shinge ne mai ƙarfi. Mai son ya kawo shi gida, kada ya haƙo babba daga daji, gama saiwarsa zurfi gare ta, da wuya ya kama. Ya nemi nunannun 'ya'ya, ya fasa, ya wanke ƙwayar, ya shuka cikin leda a inuwa, ya dasa da damina, sa'an nan ya yi haƙuri. Malamai 'yan'uwana, mu ne ke aika yara neman makamashin wutar karatu cikin ɗari, mu nuna musu gauɗe su san shi, mu ce su ɗebo kara da busasshe, su bar ɗanye. Abin da ya zo na ladar dashen itace kun fi ni saninsa, ba sai na maimaita ba. Ku kuma attajirai, mai lambu abin da a ke tambaya shi ya ke renowa. In mutum goma suka tsaya a lambunsa suka ce gauɗe su ke so, baɗi za ku tarar da shi jere cikin leda.

Wanda ya ke da hali da sha'awa ya dasa baƙon, ya cika masa sharuɗɗansa, zai sha ƙamshi. Amma ya dasa na gida kusa da shi, domin shekarar da rijiya ta ƙafe, ko maigida ya yi doguwar tafiya ba mai ban ruwa, ɗayansu ne kaɗai zai tarar da rai.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kuma fisshe mu hunturu lafiya. Haza wassalam.